Zuciyar Ɗan Kallo: Darasi Daga Gasar Hokin Ƙanƙara a Kanada

Gabatarwa

A darasin ilimin halittu na sakandare ana koya wa ɗalibai cewa zuciya tana ƙara saurin bugawa idan jiki ya shiga aiki, domin tsoka tana bukatar ƙarin iskar oksijin da abinci. Wannan bayani daidai ne, sai dai bai ƙare zance ba. Akwai mutumin da zai zauna a kujera sa'a uku, bai ɗauki kaya ba, bai yi taku goma ba, amma zuciyarsa ta riƙa bugawa kamar ta mai hawa tudu da dami a ka. Wannan mutum shi ne ɗan kallon da ƙungiyar garinsu ke neman kofi. Masana sun auna jikin irin wannan mutum a ƙasashe da dama, kuma wasu daga cikin awon da suka fi ilmantarwa an yi su ne a Kanada, a kan masu kallon hoki, wato ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Abin da awon ya nuna shi ne jikin ɗan kallo yana shirin kokawa sosai da sosai, kokawar da ba zai yi ba, kuma wannan shiri yana da tsadarsa ga zuciya da kunne.

Yadda wasan yake

Ana buga hoki a kan daskararren ruwa, cikin fili mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26, kewaye da katanga. Kowace ƙungiya tana da mutum shida a fili, har da mai tsaron raga. 'Yan wasa suna sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi da su a guje, suna kora wani baƙin faifan roba da sanda mai lanƙwasa. Faifan bai wuce giram 170 ba, amma gwani yakan buga shi ya yi gudun fiye da kilomita 160 a sa'a. Wasa kashi uku ne, kowane kashi minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya iya wuce kimanin daƙiƙa 45 a fili sai a canza shi, ya huta, ya sake shiga.

Babbar gasar ƙwararru ita ce ta NHL, wadda ta haɗa ƙungiyoyin Kanada da Amurka, kofinta kuwa shi ne Kofin Stanley, wanda aka fara bayarwa a 1893. Abin da ya sa gasar ta dace da nazari shi ne tsarinta. Ƙungiyoyi 16 ne ke shiga zagayen neman kofi daga watan Afrilu zuwa Yuni. Zagaye huɗu ne, kuma a kowane zagaye ƙungiyoyi biyu za su yi ta karawa, har sau bakwai idan ta kama, sai ɗaya ta ci wasa huɗu. Ba a tashi kunnen doki. Idan lokaci ya cika ana daidai, sai a shiga ƙarin lokaci, kuma wanda ya fara jefa faifai a raga shi ya ci, nan take wasa ya ƙare. Ke nan mai goyon baya yana cikin zulumi kusan kowane dare na biyu, har wata biyu.

Birnin Montiriyal ya ɗanɗana wannan a 1993. Ƙungiyar garin, Canadiens, wadda aka kafa a 1909, ta buga wasa 20 tsakanin 18 ga Afrilu da 9 ga Yuni, kuma 11 daga ciki sai da aka shiga ƙarin lokaci. Ta faɗi a na farko, ta ci goman da suka biyo baya a jere. A zagayen ƙarshe ta haɗu da Kings ta Los Anjeles, mai shahararren ɗan wasa Wayne Gretzky. Kings ta ci wasan farko, a na biyu ma tana gaba da ci 2 da 1, saura ƙasa da minti biyu a tashi. Sai kocin Canadiens, Jacques Demers, ya nemi alƙalin wasa ya auna sandar Marty McSorley. Aka tarar lanƙwasarta ta wuce ƙa'ida, aka fitar da shi na minti biyu. Demers ya janye mai tsaron ragarsa, Patrick Roy, ya bar raga wayam domin ya ƙara mai kai hari. Eric Desjardins ya farke cin, kuma daƙiƙa 51 da shiga ƙarin lokaci ya sake ci. Canadiens ta ci wasa uku na gaba ta ɗauki kofinta na 24. Daga wannan shekara har zuwa 2025 babu ƙungiyar Kanada da ta sake ɗaukarsa. Mai karatu ya riƙe waɗannan minti biyu na ƙarshen wasa na biyu a ransa, domin abin da za a bayyana a gaba shi ne abin da ke gudana a ƙirjin mutumin da ke kallonsu.

Linzami da ƙaimi

Zuciya ba ta jiran umurni kafin ta buga. A saman ɗakinta na dama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke fitar da tartsatsin lantarki da kansu, kuma da za a ƙyale su da sun sa zuciya ta buga kusan sau 100 a minti. Abin da ya sa zuciyar mai hutawa ke buga 60 zuwa 80 shi ne akwai abin da ke riƙe da ita. Jijiyoyin saƙo masu tafiyar da kayan ciki ba tare da sanin mutum ba reshe biyu ne, kuma za a fahimce su da sauƙi idan aka kwatanta zuciya da doki. Reshe ɗaya linzami ne: babbar jijiyarsa, wadda ake kira begos, tana saukowa daga gindin ƙwaƙwalwa tana rage saurin zuciya. Ɗaya reshen ƙaimi ne: jijiyoyinsa suna fitowa daga laka, suna ƙara wa zuciya sauri da ƙarfin matsa.

Da ido ya ga ɗan wasan abokan hamayya ya tsere da faifai ya nufi raga shi kaɗai, saƙo yakan isa wani sashe na ƙwaƙwalwa mai siffar ƙwayar gyaɗa, ana kiransa amigdala, wanda aikinsa gane haɗari. Daga nan saƙo ya wuce zuwa haifotalamus. Abin da ke fara faruwa shi ne sakin linzami, kuma wannan yana aiki cikin bugu ɗaya ko biyu. Shi ne abin da Bahaushe ke cewa gabansa ya faɗi. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ƙaimi ya biyo baya. Ƙullutu biyu ƙanana da ke zaune a saman ƙoda, waɗanda ake kira adirenal, su zuba sinadarin adirenalin a jini. Hanta ta saki sukarin da ta ajiye. Hanyoyin jini na fata da na hanji su tsuke, ƙwayar ido ta buɗe, yawu ya ƙafe, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Idan zulumin ya daɗe, sai wani sinadarin, kotizol, ya hau a hankali cikin minti 20 zuwa 30, shi kuma yakan daɗe kafin ya sauka.

Wanda ya fara tattara bayanin wannan shiri shi ne Walter Cannon na Jami'ar Harvard, a littafinsa na 1915, inda ya nuna cewa jiki yana shirin faɗa ne ko gudu. Abin sha'awa, shi ma filin wasa ya je neman hujja. Bayan wasan ƙarshe na kakar 1913, shi da abokin aikinsa sun gwada fitsarin 'yan wasan ƙwallon Amurka na jami'ar su 25, suka sami sukari a na mutum 12. Biyar daga cikin waɗannan ba su ma shiga fili ba, a benci suka ƙare wasan. Har ila yau an gwada fitsarin ɗan kallo guda, shi ma aka sami sukari, wanda ya ɓace kashegari. Wato hantar mai zaune ta yi aikin da hantar mai gudu ta yi.

Tambayar 'yan sakandare

Shekara ɗari bayan Cannon, wasu 'yan mata biyu 'yan sakandare a Montiriyal suka yi tambaya mai sauƙi: shin nawa zuciyar mai kallon Canadiens ke bugawa? Mahaifin ɗayarsu, Dokta Paul Khairy, likita ne a Cibiyar Zuciya ta Montiriyal, shi da abokan aikinsa suka taimaka aka tsara binciken, aka buga shi a mujallar likitocin zuciya ta Kanada a 2017. An ɗauki mutum 20 masu lafiya, matsakaicin shekarunsu 46, aka manna musu na'urar Holter, wadda ke rubuta kowane bugun zuciya. Rabinsu suka kalli wasa a talabijin, rabi suka je filin Bell Centre mai ɗaukar mutum kimanin 21,000.

A lokacin hutu zuciyarsu tana buga 60 a minti. A ƙololuwar wasa ta kai 114. Ga masu kallo a gida ƙarin ya kai kashi 75 cikin 100, daidai da matsakaicin motsa jiki. Ga waɗanda ke fili kuwa ya kai kashi 110 cikin 100, daidai da motsa jiki mai tsanani. Ɗalibi zai iya gwada lissafin da kansa. Ana ƙiyasta iyakar bugun zuciya da cire shekarun mutum daga 220. Ga mai shekara 46 iyakar ita ce 174, bugu 114 kuwa kusan kashi biyu cikin uku ne na wannan iyaka, ga mutumin da ke zaune.

Abubuwa biyu a sakamakon sun fi waɗannan alƙaluma muhimmanci. Na farko, kafin wasa an yi wa kowa tambayoyi don a auna zurfin son da yake yi wa ƙungiyar, amma wannan awo bai nuna wanda zuciyarsa za ta fi hawa ba. Na biyu, lokacin da zuciya ta fi kaiwa ƙololuwa shi ne ƙarin lokaci, sai kuma lokacin da ake dab da ci, ko a ragar abokan hamayya ko a ta gida. Mutum 20 kaɗan ne, kuma wasannin da aka auna na tsakiyar kaka ne, ba na neman kofi ba, don haka bai kamata a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Duk da haka ya nuna hanya: abin da ke zaburar da zuciya shi ne rashin sanin abin da zai faru nan da daƙiƙa biyar.

Akwai bayanin wannan daga ɗakin gwaji. A 2003 Wolfram Schultz na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsa suka auna ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri masu fitar da sinadarin dofamin, wanda ke da hannu a ɗoki da neman lada. Ana nuna wa birin alama, sannan a ɗiga masa ruwan 'ya'yan itace ko a hana shi. Idan alamar tana nufin tabbas zai samu, ko tabbas ba zai samu ba, ƙwayoyin ba sa wani tashi a lokacin jira. Sun fi tashi idan samu da rashi suka yi daidai, rabi da rabi. Biri da ruwan zaƙi daban ne da mutum da kofi, amma kamar a fili take: ƙarin lokaci a hoki rabi da rabi ne da ake sabuntawa kowace daƙiƙa. Mutanen Montiriyal sun shiga wannan hali sau 11 a cikin mako bakwai.

Kallo ba ya maye gurbin motsa jiki

Da aka buga binciken 2017 wasu sun yi ta raha cewa ashe kallon wasa ma motsa jiki ne. Ilimin halittu bai goyi bayan wannan raha ba, kuma a nan ne darasin ya fi nauyi.

Zuciyar mai hutawa tana tura jini kimanin lita biyar a minti. Idan ɗan wasa ya zabura a kan ƙanƙara, tana tura ninkin wannan sau huɗu ko biyar, amma tsokokin cinya da na baya suna buɗe ƙananan hanyoyin jininsu sosai, jinin ya sami wurin zuwa, sukarin da hanta ta saki ya ƙone. Tsokar ɗan kallo kuwa ba ta aiki, don haka hanyoyin ba sa buɗewa kamar haka. Zuciya tana turawa da ƙarfi cikin bututun da bai faɗaɗa ba, matsin jini ya hau, sukari da kitse su yi ta yawo a jini babu mai amfani da su. Misalinsa mai mota ne da ya taka totur alhali bai sa giya ba: inji yana ruri yana zafi, mota tana nan inda take.

Ga matashi mai lafiya wannan ba wani abu ba ne, jiki yana komawa daidai bayan wasa. Matsalar tana ga wanda jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsa suka riga suka ƙuntata da kitse. Tsokar zuciya, musamman ta ɗakin hagu, tana samun yawancin jininta ne a ɗan hutun da ke tsakanin bugu da bugu. Idan sauri ya ƙaru, wannan hutu ne ke fara gajarcewa. Ke nan bukatar oksijin tana hawa a daidai lokacin da damar samunsa ke raguwa. Bugu da ƙari, hawan matsin jini na iya fasa ɓawon da ya rufe kitsen da ke jikin bangon jijiya, adirenalin kuma yana ƙara wa ƙwayoyin daskarar da jini danƙo. Gudan jini ya taru a kan fashewar, jijiya ta toshe, sashen zuciyar da take ciyarwa ya fara mutuwa.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan daga ƙwallon ƙafa ta zo. Likitoci a yankin Munik na Jamus sun lissafa masu ciwon zuciya na gaggawa a lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, suka buga sakamakon a 2008. A ranakun da Jamus ta buga wasa, yawan masu ciwon ya ninka sau 2.66, ga maza sau 3.26, ga mata sau 1.82. Abin ya fi tsanani a sa'a biyu na farko bayan take wasa, kuma kusan rabin waɗanda abin ya sama an riga an san suna da ciwon jijiyar zuciya. Ranar da Jamus ta fitar da Ajantina a bugun fanareti da ranar da Italiya ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe, duka biyun alƙaluman sun yi sama. Wasan neman na uku kuwa, wanda ta ci Fotugal 3 da 1, bai kawo ƙari ba. Nasara da faɗuwa duk sun cika asibiti, wasan da babu zulumi a cikinsa bai cika ba.

A Montiriyal ma an duba. Wani bincike na 2018 a wannan Cibiyar Zuciya, wanda ya bi bayanan marasa lafiya daga 2010 zuwa 2014, ya sami ƙarin kashi 40 cikin 100 na toshewar jijiyar zuciya ga maza 'yan ƙasa da shekara 55, a kashegarin ranar da Canadiens ta yi nasara a gida. Ba a ga haka ga mata ba. Kasancewar kashegari ne, ba lokacin wasa ba, ya sa masu binciken suka zargi abin da ke biyo bayan murna: shaye-shaye, taba, abinci mai maiƙo da hana ido barci. Wasu binciken a wasu ƙasashe ba su sami irin wannan ƙari ba, kuma ko inda aka samu, mutanen da abin ya shafa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da miliyoyin masu kallo. Amma ga dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari, shawarar likitoci ɗaya ce: ya sha maganinsa a kan kari, kuma idan ya ji nauyi a ƙirji mai sauka zuwa hannu ko haƙarƙari ko muƙamuƙi, tare da gumi da sarƙewar numfashi, kada a jira a tashi wasa kafin a kai shi asibiti.

"Mun ci"

Saura tambaya guda. Me ya sa amigdala ke ɗaukar faifan da ya nufi ragar wasu mutane, waɗanda ba su san ɗan kallo ba, a matsayin haɗari gare shi? Amsar tana cikin maganar ɗan kallon kansa. A 1976 Robert Cialdini da abokan aikinsa suka lura a jami'o'in Amurka bakwai cewa ɗalibai sun fi sa rigar makaranta ranar Litinin idan ƙungiyarsu ta ci wasa a ƙarshen mako. Da aka tambaye su sakamakon wasa kuma, sun fi cewa "mun ci" idan an yi nasara, su koma "an cinye su" idan an faɗi. Mutum halitta ce mai zaman jama'a, kuma a tsawon tarihinsa makomarsa a ɗaure take da ta jama'arsa. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunan garinsa tana shiga wannan gurbi da sauƙi. A Montiriyal abin ya fi haka zurfi, domin tun farko an kafa Canadiens ne a matsayin ƙungiyar masu magana da Faransanci a ƙasar da Ingilishi ya fi rinjaye.

An nemi alamar wannan a jini. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 1994, Paul Bernhardt da James Dabbs da abokan aikinsu sun gwada yawun maza 21 masu goyon bayan Burazil da Italiya, kafin wasa da bayansa. Sinadarin testostiron ya hau ga magoya bayan Burazil da ta ci, ya sauka ga na Italiya, irin abin da ake gani ga 'yan wasa kansu. Sai dai wani bincike a kan 'yan Sifen 50 a wasan ƙarshe na 2010 ya sami testostiron da kotizol duka a sama ranar wasa, amma nasarar ba ta ƙara ɗaga testostiron ba. Malami zai iya amfani da waɗannan biyun ya nuna wa ɗalibai cewa sakamako guda daga mutum 21 mafarin zance ne kawai.

Shirin faɗan da bai sami mafita ba yakan fita ta mummunar hanya. A daren da Canadiens ta ɗauki kofi a 1993 an yi tarzoma a tsakiyar birnin, aka farfasa shaguna, aka kama fiye da mutum 100. A 15 ga Yuni 2011 ƙungiyar Canucks ta Bankuba ta faɗi a wasa na bakwai a gida, da ci 4 da nema a hannun Boston, nan ma aka ƙona motoci. Gari ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi, ɓarnar iri ɗaya. Adirenalin ba hujja ba ne ga mai ɓarna, domin dubban da suka koma gida lafiya shi ne a jininsu su ma; barasa da cunkoso da ganin wani ya fara su ne ke ƙarasa aikin.

Kunne

Zuciyar mai lafiya tana farfaɗowa kafin gari ya waye. Kunne ba lalle ba ne. A 2006 ƙungiyar Oilers ta birnin Edimonton ta kai zagayen ƙarshe da Hurricanes ta Karolina. Bill Hodgetts da Richard Liu na Jami'ar Alberta suka sa aka shiga fili da na'urar awon ƙara a wasannin gida uku, na uku da na huɗu da na shida. Matsakaicin ƙarar a tsawon fiye da sa'a uku ya kasance desibel 104.1 da 100.7 da 103.1. Mafi ƙanƙanta shi ne na wasan da Oilers ta faɗi. Duk lokacin da ta ci, ƙarar takan haura 120, kwatankwacin jirgin sama mai tashi.

Don a gane nauyin waɗannan alƙaluma, sai a san cewa awon desibel ba ya tafiya kamar awon mudu. Ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin ƙara ya ninka biyu. Ƙa'idar kare ma'aikata ta yarda da desibel 85 na sa'a 8. Ke nan 88 sa'a 4 ne, 91 sa'a 2, 94 sa'a 1, 97 minti 30, 100 minti 15, 103 minti bakwai da rabi. A wasa na uku ɗan kallo ya cinye rabonsa na yini guda cikin minti 6, sa'a uku kuwa ninkin wannan rabo ne sau 30. Mutum biyun da aka gwada jinsu kafin wasa da bayansa sun fito da raguwar ji, kunnuwansu suna ƙugi.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wani bututu mai ruwa, naɗaɗɗe kamar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 masu 'yan gasu a ka. Sauti yana kaɗa ruwan, gasun su sunkuya, ƙwayar ta aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana galabaitar da su. Idan suka huta yawanci sukan miƙe, shi ya sa ji ke dawowa bayan kwana ɗaya ko biyu. Wadda ta mutu kuwa ta tafi ke nan, domin jikin ɗan Adam ba ya haifar sabuwa, ko da yake tun a ƙarshen shekarun 1980 aka gano cewa kunnen kaza yana yi. A 2009 kuma Sharon Kujawa da Charles Liberman suka nuna a kan ɓeraye cewa ko bayan ji ya dawo daidai a awo, wani kaso na mahaɗar da ke tsakanin waɗannan ƙwayoyi da jijiyar ji ya riga ya salwanta. Zagayen neman kofi yana maimaita wannan duka dare bayan dare. Toshen kunne na soso, mai arha, yana rage ƙara da desibel 15 ko fiye idan an sa shi daidai, kuma ba ya hana jin wasa.

Aikin gwaji ga aji

Babu filin ƙanƙara a Kano ko Zariya, amma jikin mai kallon Kano Pillars ko mai zama a gidan kallon ƙwallo a unguwa bai bambanta da na mutumin Montiriyal ba, kuma binciken 2017 'yan sakandare ne suka faro shi. Abin da ake bukata agogo ne mai nuna daƙiƙa da littafin rubutu.

Kowane ɗalibi ya koyi jin bugun jini a wuyan hannu, ta ɓangaren babban yatsa, da yatsu biyu na tsakiya. Kada a yi amfani da babban yatsa, domin yana da nasa bugun. A ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu. Ɗalibai su rabu biyu-biyu, mai kallo da mai awo. A fara ɗaukar awon hutu a wata rana dabam da babu wasa, a daidai sa'ar da za a yi wasan, bayan mutum ya zauna minti biyar. Ranar wasa a auna kafin a take, sannan kowane minti 15, da kuma nan take bayan an ci ko an yi fanareti, a rubuta abin da ke faruwa a fili a gefen kowane awo. Mai kallo ya zauna a zaune, domin tsalle da ihu motsa jiki ne, za su ɓata lissafi. Idan ya tashi, a rubuta. A guji shayi mai kauri da goro da lemon kwalba mai kafeyin tun sa'a uku kafin awo.

A sa wasu ɗaliban da ba ruwansu da ƙungiyoyin biyu su zauna a wuri guda a auna su, domin a raba tasirin goyon baya da na zafin ɗaki da hayaniya. A aji, a zana jadawalin bugu a kan lokaci, a lissafa kashin ƙari a kan awon hutu, a kwatanta da kashi 75 na masu talabijin a Montiriyal. Sannan a maimaita da wasan da kowa ya riga ya san sakamakonsa, a duba ko layin zai hau kamar na farko.